Masarar da Na Nuna wa Kowa

Ni ɗan Makarfi ne, kuma kafin abin da zan ba ku labari ya faru ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Mahaifina manomin rake ne. Da kuɗin rake na yi karatu har na samu aiki a Kaduna, a wani kamfani mai juya wa mutane dukiyarsu. Mai kuɗi ya kawo, mu duba inda za a zuba su, ko hannun jari ko hatsi ko gidaje, in riba ta zo a raba bisa yarjejeniya. Ba yabon kai ba, na iya aikin. Da kamfanin ya so jawo mutanen karkara, sai aka ce ni ɗan gida ne, aka turo ni in kula da Ikara da Makarfi da Kudan. Aka ba ni mota da ɗan ofis. Daga nan sunana ya ɓace, kowa sai Manaja.

Dokar kamfani ita ce manaja ba ya karɓar kuɗi a hannu, mai kuɗi ya zuba a asusun kamfani da kansa. To amma mutanenmu sun san mahaifina. Dattijo zai gama gaisuwa, ya zaro ƙunshi daga aljihu ya ce, "Ungo, ka kai musu, ai kai ne bankin." Wata Juma'a aka ba ni irin wannan, motata kuma ta lalace, sai na taɓa na yi gyara. Da albashi ya shigo na mayar. Ba wanda ya sani, kuma rashin sanin nan shi ya cuce ni. Na sake taɓawa, na jinkirta mayarwa. Daga baya na daina kaiwa gaba ɗaya, ina cewa ni ma na iya juya kuɗi, me zai sa kamfani ya ci ribar? Gaskiyar magana ba juya su nake yi ba, ci nake yi. Na canza mota, na fara gini, ina raba kyauta a wajen biki kamar ɗan siyasa.

Mutanenmu ba su yarda da lamba a waya ba. Dukiyar da ba a gani da ido, a taɓa da hannu, ba dukiya ba ce a wurinsu. Don haka na kama hayar sito a bayan kasuwar Makarfi, na sayi masara da kaka na jera. Duk wanda ya matsa sai ya ga kayansa, in kai shi in buɗe ƙofa in ce, "Ga naka nan, jira muke farashi ya tashi." Ya shafa buhu, ya sa mini albarka, ya tafi. Buhunan nan dai su na nuna wa kowa.

Cikin waɗanda na kai akwai Malam Sambo, wani makiyayi daga wajen Paki. Ɓarayi sun kore shanun maƙwabcinsa, tsoro ya kama shi, ya sayar da mafi yawan garkensa ya kawo mini kuɗin. Da na buɗe masa sito ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, abin da ba shi da shaida ba na mutum ba ne." Ya tsinci gawayi a ƙofa, ya bi buhunan yana zana irin shaidar da yake yi wa shanunsa. Na yi dariya a zuciyata, na ce tsohon nan ya ɗauka masara za ta shiga garken wani. Na bar zanen, ban ko damu in goge ba.

Da damina ta yi nisa masara ta yi tsada, sai Alhaji Tanimu na Dandamisa, wanda shi ma na nuna wa buhunan, ya zo da mota zai kwashi tasa. Shi fataucin shanu yake yi, duk wata shaidar makiyayan yankin a kansa take. Yana shiga ya tsaya. Ya ce, "Manaja, me ya kawo shaidar Sambo kan masarata?" Na fara kame-kame. Nan take ya aika aka kira Malam Sambo. Kafin la'asar ƙofar sito ta cika da mutane, kowa yana rantsuwa kayan nasa ne, kuma kowa gaskiya yake faɗa.

Kamfani ya biya waɗanda kuɗinsu ya shiga asusunsa. Waɗanda suka ba ni a hannu kuwa, aka sayar da motar da ginin da masarar aka raba musu, abin bai kai ko'ina ba. Aka yanke mini hukunci. Zaman gidan yari da wuya, amma a can na fara barci mai daɗi, don babu sauran wanda nake wa ƙarya.

Da na fito na koma gonar mahaifina, ina kuma ɗan noman tumatir a Kudan. Wallahi ina jin daɗin rayuwata yanzu. Ba mota, sai keke, amma in aka yi sallama a ƙofar gida gabana ba ya faɗuwa. Kowace kaka nakan ware wani abu in kai wa ɗaya daga cikin waɗanda na cuta. Wasu sun karɓa da fara'a, wasu sun karɓa ba su dube ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Bara na samu na sayi karsana, na ja ta zuwa Paki. Na tarar Malam Sambo yana kiwon shanun wani ana biyansa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya duba bakin karsanar, ya shafa bayanta, ya ce, "Tashi, ɗana. Nawa na yafe tun kana ɗaure. Sai dai cikin shanun nan akwai na uwar yaran, waɗanda ta zo da su daga gidansu. Ni na lallashe ta ta bari a sayar." Na ce a kai ni wurinta in roƙe ta. Ya ce, "Ta rasu kana can."

Don haka ku matasa, musamman ku da za a ɗora kan dukiyar mutane, ku bi dokar aikinku ko da mai kuɗin da kansa ya ce ba komai. Kada ka taɓa abin da ba naka ba da sunan gobe za ka mayar. Ni ma mayarwa nake yi yanzu, kuma Allah yana rufa mini asiri. Amma akwai matar da ban taɓa ganin fuskarta ba, na cinye mata shanu, kuma ba ni da inda zan same ta sai gaban Allah.