Kawu da 'yar kwalbar maganin ido

Kawuna gyaran keken ɗinki yake yi, kuma a wurinsa komai na duniya keke ne. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da bai yi ƙara ba, ba a ɓata masa mai, in kuwa ya yi ƙara, a yi masa wanka da shi. Haka yake yi wa ƙofar shagonsa, haka yake yi wa gwiwarsa. Matarsa ta ce ita ma sai ta ɗaga murya ake tunawa da ita.

Da likitar ido ta ce yana da hawan jinin ido, ta ba shi 'yar kwalba, ɗigo ɗaya safe da yamma, sai ya ajiye ta kan kantar shago kusa da gwangwanin mai. Ido ba ya ciwo, zare yana shiga allura ba tabarau. Na yi magana har bakina ya gaji.

"Ke 'yar nan, kin taɓa jin idona ya yi ƙara?"

Ranar komawa asibiti kunyar likita ta kama shi. Ya miƙe kan benci ya rama duk abin da ya tsallake, ya yi ta ɗurawa a ido har yana jin ɗacin a maƙogwaro. Ba mu kai bakin titi ba jiri ya kwashe shi, ya zauna daɓas. Ranar na tsorata ƙwarai.

Da muka isa asibiti, likita ta riƙe hannunsa, ta girgiza kai. "Baba, ruwan cikin ido ne yake danne jijiyar gani, maganin kuma a hankali yake rage shi. Rarar da ka zuba ta bi hanyar hawaye ta sauka hanci, ta shiga jini, ta sa zuciyarka tafiyar hawainiya." Ta nuna masa yadda zai ɗiga ɗaya, ya rufe ido, ya danne kusurwar da ke jikin hanci. Sannan ta gwada ganinsa, ta ce gefen hagu ya riga ya tafi.

"Ba a samun sifiya, a canza kamar na keke?" in ji Kawu.

"Ba a samu, Baba. Wanda ya rage muke gadi."

Yanzu safe da yamma za ka same shi ido rufe, yatsa a gefen hanci. Teloli su shigo da kekensu su ɗauka kuka yake, su fara ba shi haƙuri, shi kuma ya bar su har sai sun gama.

Rannan na kai masa abinci na tsaya ta hagunsa, na daɗe bai san ina wurin ba. Tun daga nan ta dama nake zagayowa. Shekaranjiya ya ce, "Kin daina biyowa ta nan."

"Ta can ya fi kusa, Kawu."

"Ƙarya kike, 'yar nan." Ya yi 'yar dariya, ya miƙo mini kwalbar. "Zo ki ɗiga mini. Ɗaya fa."