Ranar da Na Kasa Durƙusa wa Surukina

Shekarun baya, kafin in yi aure, ba abin da na sa a gaba irin ɗaga ƙarfe. A bayan gidanmu a Batsari muke yi, ni da abokina. Kayan ma mu muka haɗa: sandar ƙarfe ce, muka cika gwangwanin fenti da siminti muka kafa a kowane gefe. Wanda na fi so shi ne ɗaga shi daga ƙasa har mutum ya miƙe tsaye, wanda 'yan birni ke kira dedlif. A lokacin gani nake duk unguwa ba mai ƙarfina.

Abokina ya ɗan zauna a Katsina, ya ga yadda ake yi a gidan motsa jiki. Kullum sai ya ce mini gwangwanayenmu ƙanana ne, sandar tana kwanciya daidai idon sawu, shi ya sa nake lanƙwasa baya kafin in kai gare ta. Ya kawo bulo biyu, ya ce a ɗora kowane gefe a kai don sandar ta kai tsakiyar ƙwauri.

"Cire silifas ɗin nan," in ji shi. "Matso har ƙarfen shi kusa taɓa ƙwaurinka. Ja numfashi ka riƙe a ciki, ka miƙe gadon bayanka, sannan ka tura ƙasa da ƙafa. Kar ka fizga."

Na ce, "Kai mutumina, namiji daga ƙasa yake ɗauka. Bulo na masu gini ne."

Tun ina yaro nake fizgar buhun gero haka, ban ga abin da wani zai koya mini ba.

To a lokacin ina neman wata yarinya a Wagini, magana ta fara nisa amma mahaifinta bai ba da amsa ba tukuna. Da kaka ta yi, na yi alkawarin kai masa gayya, in tara abokaina mu kwashe masa dammunan gero zuwa rumbu. Kowa ya san a irin wannan ranar ake auna mai neman aure. Har na yi cika baki a gabanta cewa dami biyu-biyu zan riƙa ɗauka.

Ana gobe gayya na ce bari in ɗan motsa jini. Na ture bulon gefe, na tsaya nesa da sanda, na sunkuya na fizga. Sai na ji wani abu ya tsarga mini a ƙugu kamar an caka allura. Na saki ƙarfen, na tsaya a dogare da gwiwa. Abokina ya zo ya kama ni ya zaunar, ni kuwa da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na daure na hau bayan babur ɗinsa. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai na yi salati. Muka tarar da tsohon, mahaifin yarinyar, a ƙofar gida, abokaina duk suka zube suna gaisuwa. Ni ma na tafi zan durƙusa, ina kaiwa rabi bayana ya riƙe. Ban kai ƙasa ba, ban iya komawa sama ba. Haka na tsaya a gantsare a gaban mutumin da nake son ya ba ni 'yarsa.

Ya dube ni ya ce, "Yaro, mi ya same ka?"

Abokina ya ce, "Baba, ƙarfe ya ɗaga."

"Ƙarfen wa? Aiki aka sa shi?"

"A'a, Baba. Ɗagawa kawai yake shi aje."

Tsohon ya ƙare mini kallo. Kuma ga inda abin ya fi muni: wanzami ne, shi ke yi wa mutanen ƙauyen ƙaho. Ya ce a shigar da ni zaure. Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi, shi ya sa na tuɓe riga na kwanta rub da ciki a kan tabarma. Ina jin abokaina suna wucewa da dammuna, ina jin mata na dariya a cikin gida, kuma na gane muryarta a ciki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na riga na saddaƙar cewa auren nan ya tafi.

Da ya gama, ya goge hannu ya ce, "Wanda ya zo da wannan ciwon don kar shi saɓa alkawari, ba raggo ba ne. Wauta ce kawai, ita kuma tana warkewa."

Da na samu sauƙi na koma bayan gida, na ɗauko bulon nan da hannuna na jera. Na fara da sanda ba nauyi, abokina yana gyara mini tsayuwa. Yau ina ɗaga abin da ya fi na da, bayana bai sake yin ƙara ba.

Yanzu 'ya'yanmu uku da ita, amma kunyar ba ta sake ni ba. Har gobe in na je Wagini na fara durƙusawa, sai tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "A hankali dai, yaro. Ƙahona ya tsufa."