Hayaƙin Motar Asher

Duk Kafanchan an san Asher mai citta da abu biyu: gudu da rashin yarda da mutane. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tambayi kansa me kake nema.

A 1991 citta ta yi daraja, ya sayi Fijo 504. Bai gamsu da gudunta ba, ya kai ta Jos aka ƙara mata kafireta, aka ƙera mata salansa mai bututu huɗu. Da ya kawo wa Ƙasimu bakanike ya ɗaura, sai Ƙasimu ya ajiye masa gaskit iri biyu, abin da ake sawa tsakanin inji da bututu don kada hayaƙi ya fita ta gefe.

"Oga Asher, ɗauki na tagulla. Injin nan zai yi zafi, siririn ba zai jure ba."

Asher ya juya na tagullan. Babu leda, babu rubutu. Siririn kuwa yana cikin kwali mai sheƙi.

"Wanda an cire daga wani mota ne kana so ka manna mini? Sa na kwali."

Ƙasimu ya ɗaga kafaɗa, ya sa.

Damina ta shigo, Asher ya fara rufe gilas. Daga nan ciwon kai ya kama shi. Kafin ya kai Kwoi idanunsa sun yi nauyi, zuciyarsa tana tashi. Rannan barci ya sace shi yana tuƙi, ya farka ya ga motar a cikin gonar masara. Mutumin da ke zargin kowa, ko sau ɗaya bai zargi motarsa ba. Ya ce wani ne ke sa masa guba. Ya fara da abokan kasuwa, ya koma kan ƙaninsa, har lissafi ya kai shi ga kunun da matarsa Damaris ke dama masa kullum kafin ya fita.

Ya daina sha. Wata safiya ta leƙo ta same shi yana zuba wa kare.

"Baban Emilia, me kenan?"

"Ina so in ga ko shi ma zai yi barci."

Damaris ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ɗaure kayanta, ta tafi gidan iyayenta a Samaru Kataf.

Matar ta tafi, ciwon kai bai tafi ba. Sai da inji ya fara tsit-tsit ya koma gareji. Ƙasimu ya kwance bututun, gaskit ya zubo kamar ƙanzo. Ya nuna masa baƙin hayaƙi da ya bi ramin wayoyi har ƙarƙashin sitiyari.

"Wannan kake shaƙa tun farkon damina. Allah ne ya yi da sauran kwananka."

Kunya ta rufe Asher. Ya ɗauki fasto da dattawa biyu suka je biko, ya durƙusa a gaban surukinsa ya faɗi komai. Damaris ta dawo saboda 'yarsu Emilia.

Da ta kawo tuwo, sai ta zauna, ta gutsura, ta tsoma a miya, ta haɗiye a kan idonsa, sannan ta tura masa kwano.

"Maman Emilia, don Allah ki bari."

"Ci. Ka ga ban mutu ba."

An sayar da Fijo, Emilia ta yi aure, gashin Asher ya yi fari. Ya yi roƙo har ya gaji. Ko ruwa ne, sai Damaris ta kurɓa kafin ta miƙa masa.