Rawanin da Na Naɗa wa Kakana

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da wata la'asar a unguwar Ammariyya, ranar da na je gaida kakar yarinyar da nake nema.

Lokacin ina aikin gyaran na'urorin asibiti a Jidda. Yarinyar haifaffiyar nan ce, tana jin Hausa, amma in ta buɗe baki rabi Larabci ne. Kawunta ya gaya mini duk gida sun yarda da ni, saura tsohuwa, kuma in ta ce a'a, halas, magana ta ƙare. Sai na zuba babbar riga mai nauyi a cikin zafin nan na Jidda, na isa ina ɗigar da gumi kamar wanda aka tsamo daga teku.

Abin da muka sani game da kakana a gida kaɗan ne. Ya yi soja, ya je yaƙin Bama, ya dawo babu yatsu biyu a hannun hagu. In ka tambayi asalinsa, manya su sauya zance. Ni kuwa tun ina yaro na yanke cewa mai jarumta irin wannan dole jinin sarauta ne, na yi ta faɗa har na yarda da kaina.

Na tarar da tsohuwar zaune a kan katifa, ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu. Bayan gaisuwa aka kawo gahawa da dabino, ta tambaye ni gidan da na fito. Nan fa bakina ya buɗe. Na ce kakana ɗan hakimi ne, ya bar daula ya shiga soja don tsabar zuciya. Da na ga tana gyaɗa kai sai na ƙara masa barori, har da cewa shi aka so naɗawa ya ƙi.

Ta tambayi sunan garinmu, na faɗa. Ta tambayi laƙabinsa, na faɗa. Sai carbin ya tsaya.

"Mai guntun hannun hagu?" in ji ta.

Na ce shi fa, Hajiya, ina murna ashe sunan gidanmu ya ƙetaro har nan. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, aka kawo ruwa.

Da ta huta sai ta ba ni labarin. Mahaifinta da kakana a rinji ɗaya aka haife su, iyayensu bayi ne masu noman gandun wani attajiri. An ce an hana bauta, amma a ƙauyen babu mai kiransu da wani suna sai bayi, babu gonar kansu, babu mai ba su 'ya. Da masu ɗaukar soja suka zo, sai su biyun suka yar da fartanya suka bi su. Ubangidan ya biyo sawu har bariki, ya tarar da su cikin kaki, ya juya. A dajin Bama aka harbi mahaifinta a cinya, kakana ya goya shi ya ƙetare rafi ana ta wuta, a nan ya bar yatsunsa. Bayan yaƙi kakana ya koma garin da ba a san shi ba, mahaifinta kuma ya kwashi iyali ya nufo gabas a ƙafa, tana 'yar ƙarama. Ta ce har ya rasu yana yi wa abokin nan addu'a.

Sannan ta dube ni. "Ɗan nan, mutum ya kai kansa bakin mutuwa don ya zama ɗa, kai kuma ka zo kana ara masa uba?"

Kawun ya kafa wa fanka ido kamar bai taɓa ganin irinta ba. Daga bayan labule na ji wata 'yar dariya da na san mai ita. Na riƙe finjalin gahawa na rasa inda zan ajiye, ina lissafin ta ina zan bi in kai ƙofa ba tare da na sake haɗa ido da kowa ba. A raina aure ya riga ya mutu.

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi, ta juya wajen ɗanta. "Yalla, ku ba shi. Surutu ne da shi, amma jinin wanda ya goyo ubana ne."

Washegari na kira mahaifina na gaya masa. Ya ce gaskiya ta faɗa, tsohonsa ne ya roƙe su kada su bari mu tashi da sunan bayi.

Na gane dalilinsa, ban kuma ga laifinsa ba. Amma ranar na koyi cewa wurin da nake ta rufewa da rawanin ƙarya, nan ne darajar gidanmu take. Yanzu in yarana suka tambaye ni labarin kakana, daga rinjin nake farawa, kuma ba na rage murya in na zo kan kalmar bawa.