Makahon Ƙungiyarmu

A farkon shekarun saba'in, ina ɗalibin sakandare a Jidda, nakan kaɗa jitar bes, mai kaurin muryar nan, a wata ƙungiyar kiɗa duk lokacin hutu. An ɗauke ni ne saboda ba na magana kuma ba na rikita wayoyin lasifika. Ustaz suke kirana, don kullum da littafi a cinyata a cikin mota. Mu huɗu matasa ne, 'ya'yan Hausawan Sudan: ni, da mai ganga, da direba, da shugabanmu mai babbar jita, wanda muke ce wa Rayis. Na biyar ɗinmu dattijo ne makaho, mawaƙi, kowa Baba yake ce masa.

Rayis kiɗan rok na Turawa yake so. Yana sayen faifai a hannun ma'aikatan jiragen ruwa a tasha, ya zauna ya saurara har ya kwaikwayi kukan jitar. Amma rok ba ya ciyar da mu. Sai jefi-jefi Turawan kamfanoni suke kiranmu gidajensu na unguwar Abhur a bakin teku. Abincinmu yana wurin bikin aure ne, daga Jidda zuwa Rabig, zuwa Yanbu, zuwa Ɗa'if, duk inda namu suke zaune. Kuma a biki mata ne masu son kiɗa, ga shi namiji mai ido ba ya shiga wurinsu.

Nan ne amfanin Baba. Sai a kafa labule mai kauri a tsakar gida, mu zauna bayansa wajen maza da kayanmu da lasifika. Wata tsohuwa ta riƙo sandar Baba ta shigar da shi cikin mata, ta zaunar da shi da makirufo mai doguwar waya. Duk matar da ta fito rawa, tsohuwar ta raɗa masa ko 'yar wane ce, ko matar wane ce, shi kuma ya ɗora ta a waƙa. Mu muna bin muryarsa ta bayan labule. Idan babu makaho, babu gidan da zai kira mu.

A hanya kullum gardama ɗaya suke yi.

"Waƙarka ta tsofaffi ce," in ji Rayis. "Duniya ta wuce wance 'yar wane. Ka ji yadda jita take magana a faifan nan?"

"Na ji," in ji Baba. "Kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wa ke cikinta? Waƙar da ba mutum a cikinta hayaniya ce, yaro."

"Kai da ba ka taɓa ganin mutanen taka waƙar ba."

"Shi ya sa nake yaba su da zuciya ɗaya."

Wani hutu muka ɗauki Baba a ƙofar gidan 'yarsa za mu Yanbu. Ya yi wata biyu ba mu gan shi ba, an ce ba shi da lafiya. Da muka tsaya shan shayi a wata rumfar gahawa kusa da Rabig, sai ya cire baƙin tabarau ɗinsa, ya juya wajen mai ganga ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe haka kake da kunnuwa," ya ce. "Wallahi muryarka ta fi ka kyau."

Likita ne ya cire masa yanar da ta rufe idonsa na dama shekaru masu yawa; na hagun kuwa dama ba ya gani. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana dariya. Ni ya ce ya zaci na fi haka jiki. Mai ganga ya rungume shi, direba ya yi ta hamdala. Rayis bai ajiye kofinsa ba.

"Wa ya sani?"

"'Yata da mijinta. Sai ku."

"Halas, shi ke nan. Mayar da tabarau."

"Ba zan shiga cikin matan mutane da ido ba, Rayis. Ka zaunar da ni bayan labule tare da ku, muryar dai ita ce."

"Murya tana da yawa a Jidda, Baba. Makanta na ɗauka aiki. In ka warke, to ka warke daga ƙungiyar nan ma. Mijin 'yarka zai ci gaba da ciyar da kai?"

Duk mun san ba zai yi ba. Ɗaki guda suke, kuma surukin ya sha faɗa a gabanmu cewa tsohon ya yi masa nauyi. Baba ya jujjuya tabarau ɗin a hannunsa, sannan ya mayar.

Daga nan Rayis ya fara abin da ya kira horo. Yana gidan gaba, Baba yana baya kusa da ni. Sai ya ci dabino ya juyo ba zato ya jefe shi da ƙwallon a fuska. Baba ya kauce.

"Makaho ba ya kaucewa. Sake."

Ya sake jifa. Baba ya ƙifta, kansa ya motsa.

"Ka ga jaki? Shekara nawa kana makanta, ka manta a wata biyu?"

Haka muka yi ta tafiya, teku a hagu, duwatsu a dama. Ƙwallon dabino ya ƙare, ya koma murfin kwalba, daga baya ya kunna sigari yana kai wutar dab da tabarau. Mai ganga, wanda ya rungume shi ɗazu, shi ma ya karɓi wasan, ya jefe shi da silifa. Tsakanin jifa da jifa Baba yakan saci kallon teku ta gefen tabarau. Ya tambaye ni a hankali ko dama can launinsa ke nan. Na ce masa eh.

Bikin Yanbu na wani mai sayar da katako ne, yinin lalle, bayan la'asar. Na shimfiɗa waya ta ƙarƙashin labule, na gwada makirufo. Tsohuwa ta zo ta ja sandar Baba, ya bi ta yana lalube kamar yadda ya saba. Rayis ya raɗa masa cewa ya rufe idon in yana tsoron Allah, ba wanda ya hana shi.

Da farko komai daidai. Muna jin ɗan shirun da yake yi kafin kowace mace, lokacin da tsohuwa take raɗa masa. Sannan kiɗa ya yi zafi, guɗa ta tashi, kuma ban taɓa jin muryar Baba kamar ranar ba. Har Rayis ya rage kukan jitarsa yana bin sa. Sai na lura shirun nan ya ɓace. Waƙa tana zuba ba tsayawa.

"Mai koren mayafi, taka a hankali," ya rera. "Mai wushirya, yi dariya mu gani. Lallenki ya kama har idon sawu."

Ta lasifika ya fito, a gaban maza duka. Wani mutum da ke zaune kusa da ni ya ajiye kofin shayinsa. Ƙanen mai gidan ne. A can ciki guɗa ta yanke, muka ji muryar tsohuwa tana cewa ita ba ta gaya masa wannan ba. Wata ta ce a cire masa tabarau. Sai ihun mata, da ƙarar sawu suna gudu ɗaki.

Maza suka ɗaga labule suka jawo shi waje. Kafin kowa ya taɓa shi, Rayis ya ajiye jitarsa a hankali cikin akwatinta, ya ratsa mutane, ya kwaɗa wa Baba mari.

"Munafiki. Shekara da shekaru kana cin amanarmu? Wallahi, jama'a, yau muka sani, kamar ku."

Wannan marin ne ya ceci kayanmu. Sauran dukan na mutanen gidan ne. Ƙanen mai gidan, wanda ashe shi ne mijin mai koren mayafi, ya cire takalminsa, kuma idon Baba na dama ya nema, bai nemi wani wuri ba. Rayis ya ce mana yalla, maza a kwashe kaya. Ina naɗe waya ina jin Baba yana cewa, "Ban yi niyya ba, waƙar ce ta tafi da ni." Muka bar Yanbu babu shi. Wani direban babbar mota ne ya dawo da shi Jidda bayan kwanaki.

Cikin mako guda Rayis ya samo wani makaho a bakin tasha. Ba shi da murya, baiti uku kawai ya iya, amma an haife shi ne babu idanu, kowa yana iya dubawa. Rayis ya ce haka ma ya fi, jita za ta samu fili.

Ana gab da komawa makaranta Baba ya zo inda muke gwaji, a wani sito bayan tasha. Jikarsa ce ta riƙo sandarsa. Idon ya mutu, ya shafe fari fat, babu tabarau a kansa. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama wajen da ba kowa.

"Rayis, na dawo yadda kake so na."

Rayis yana cin dabino. Ya kalle shi, ya jefa ƙwallon. Ya same shi a kunci, Baba bai motsa ba.

"Yanzu ka iya," in ji Rayis. Mai ganga ya yi dariya. "Amma daga Yanbu har Ɗa'if ba gidan da bai ji labarinka ba. Ko likita ya rantse musu, ba mai shigar da kai wurin matarsa. Ustaz, ba ni sautin farko."

Na ba shi. Baba ya tsaya har muka kai tsakiyar kiɗan, kansa a karkace yana saurare. Ya ce wa yarinyar tsirkiyar jitar Rayis ta biyu ta saki, sannan ta juya shi suka fita.