Fuatino da Littafin da Aka Binne

Ƙarfe bakwai na safe, kafin motar farko ta wuce zuwa bakin jirgin ruwa, Fuatino ta riga ta buɗe tagogin ɗakin karatun da ke bayan majami'armu. Takan fara ne da bin kantoci tana shinshina littattafai kamar mai zaɓen kifi. Wanda ta ji warin danshi a jikinsa, ta fitar da shi inuwa ya sha iska. Daga nan ta gyara ɗaurin zani, ta zauna gaban teburin da ta kafa wa kyamara, ta shiga aiki: buɗe shafi, danna, buɗe shafi, danna. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin nan, sha biyun ƙarshe a gaban wannan teburi. Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

A tsibirinmu na Savai'i takarda ba ta kaiwa tsufa. Abin da gara ta bari gishirin teku ya ci, wanda ya tsira kuma guguwa ta zo ta kwashe. Shi ya sa Fuatino ta ɗauki hoton duk abin da ya shigo hannunta, tsofaffin littattafan waƙoƙin ibada, na koyon karatu da harshenmu, har da na maganin gargajiya da wata ungozoma ta rubuta da fensir, ta jera su a laburaren intanet. Yau jikokinmu da ke ƙasar waje, a birnin Auckland, a waya suke buɗe su.

Ni Iosefa, tsohon malamin makaranta, ina cikin waɗanda suka yi mata dariya, kuma ba karatu ke kai ni ɗakin ba, fanka ce.

"Fuatino, littafin da hannu ba ya riƙewa ai ba littafi ba ne," in ce mata.

"Sha iskarka, Malam," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ita ma hannu ba ya riƙe ta, amma kullum ita ke kawo ka."

Bara tsoho Pouono ya rasu. Aka binne shi a ƙofar gidansa yadda muke yi, aka shafe kabarin da siminti. 'Yarsa Sieni, wadda ta yi jinyarsa, ta saka masa tabaraunsa a akwati, da wani ƙunshi da ta samu ƙarƙashin matashinsa. Ta ɗauka littafin addu'o'insa ne, kuma a wurinmu ba mai kwance ƙunshin uba gawarsa na kwance. Ashe littafin asalin gidan ne, mai ɗauke da wa ya haifi wa da inda iyakar filinsu ta tsaya. Kowane gida yana da irinsa, ba a nuna wa bare, ko ambaton asalin wani a fili laifi ne da dattawa ke zama a kansa.

Wata biyar bayan haka wani reshen dangi ya kai ƙara kotun filaye, suka ce filin nasu ne. Malaki, yayan Sieni, ya taso daga Auckland, ya juye kowane akwati a gidan bai sami littafin ba. Sai Sieni ta tuna ƙunshin. Da yamma Malaki ya zo ya ari babbar gudumata, ni kuma, don rashin tunani, na ba shi, har na raka shi bakin kabarin.

"Sieni, ba son raina ba ne," ya ce. "In babu littafin nan, ranar Laraba a kotu ba mu da bakin magana. Filin zai tafi, da Baba a cikinsa."

Ta je ta zauna daram a kan kabarin. "To fara da ni, Yaya. Ni na saka, ni za ka fasa."

Namiji a nan ba ya tsallake maganar 'yar'uwarsa, don haka ya jingine gudumar. Kwana biyu ba su yi wa juna magana ba. A na uku ta aika masa cewa ta yarda, fasto ya zo ranar Litinin ya yi addu'a, a fasa kabarin. Daga ranar ta daina cin abinci. Ni kaina gwazar da aka ajiye min ban taɓa ta ba, don na san da kayana za a yi aikin.

Ranar Juma'a kafin Litinin ɗin na kai wa Fuatino labarin a matsayin gulma. Hannunta ya tsaya cak.

"Gudumar wa?"

"Tawa."

"Kai da ka yi shekara talatin kana hana yara fasa allo?"

Ta rufe tagogi da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ta sa kwamfutarta a kwandon ganyen kwakwa, ta kama hanya ina bin ta a baya kamar ɗan akuya. Da ta isa gidan Pouono ba ta yi magana a tsaye ba. Ta zauna gefe, ta tanƙwashe ƙafa.

"Malaki, Sieni, ku dawo tabarma ɗaya. Babanku ya bar min saƙo, ya ce kada in buɗe baki sai kun matsu, kuma sai kuna zaune tare."

Shekara huɗu kafin rasuwarsa, in ji ta, Pouono ya shigo ɗakin karatu lokacin da gari ke barcin rana, littafi ɓoye cikin riga. Ya ga gefen shafukan ya fara ruɓewa. Ya ce, "'Yata, wannan abin naki yana da ɗakin da ake kullewa?" Ta ce akwai. Ya ce, "Ke fa? Idonki ai na bare ne." Sai ta juya wa teburin baya, ta fuskanci teku, tsohon na buɗe shafi da kansa yana cewa "danna", tana dannawa. Shafi tamanin da huɗu, ba ta ga ko harafi ɗaya ba. Kalmar sirrin ma shi ya shigar da yatsa ɗaya, ya rubuta ta a takarda ya liƙe, ya ba ta ajiya.

Ta miƙa musu takardar, ta tura musu kwamfutar, ta sake juya baya. Ni aka kore ni gindin mangwaro. Daga can na ji kukan Sieni, na ce ko hotunan ba su fito ba. Ashe sun fito, a karkace dai, amma kowace kalma tana karantuwa. Abin da ya sa ta kuka, a gefen kowane shafi akwai babban yatsan ubanta ya danne takarda, da farcen nan da ƙugiyar kamun kifi ta tsaga.

Kafin a buga ƙararrawar addu'ar yamma Malaki ya dawo min da guduma.

"Ga kayanka, Malam. Kada ka ƙara ba mai fushi aro."

Ban taɓa jin daɗin dawowar kayan aro irin na ranar ba. Na mayar da ita wurin ajiyarta. Ranar Laraba kuwa, da ɗaya ɓangaren suka ji iyakar da kakansu ya sa wa hannu, dattawa suka roƙi a mayar da maganar gida, aka ƙare ta a kan tabarma.

Fuatino, maganin gara, ke ce kika riƙe amanar tsoho shekara huɗu yana raye, wata biyar yana ƙasa, a garin da in ka yi atishawa a gabas za a yi maka sannu a yamma. Ke ce kika gane cewa adana abu daban, leƙa shi daban. Ba wanda ya taɓa kiran sunanki a taro, mu da muke shan fankarki ma ba'a muka saka miki da ita. Na ji kunya, kuma na gode. Allah ya huta gajiya, ya bar miki idanunki da bayanki.

Wanda zai gaji kujerarki, ya koyi danna na'ura, amma ya fara koyon juya baya. Ku kuma masu ƙunshi a ƙarƙashin matashi, ku kai tun hannunku na iya buɗe shafi, ku kuma gaya wa 'ya'yanku wane ƙunshi ne na binnewa. Nawa na kai ranar Talata.

Kabarin Pouono na nan yadda aka shafe shi, ko tsaga babu. Jiya da safe na wuce na ga Sieni zaune a kai, tana kankare kwakwa tana ba shi labarin yadda aka ƙare.