Minti Goma a Agogon Falo

Ƙarfe biyu da minti goma na rana, wata Talata, ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Na riƙe lokacin daidai domin agogon bango na kalla, ban iya kallon Mama ba.

A shekarar Baba ya bar aikin soja muka dawo garinmu Rikoto. Can bariki ƙarfe biyu yake cin abinci, kuma da wannan ƙa'ida ya dawo gida. Ranar ruwa ya jiƙa itace, tuwon dawa bai nuna da wuri ba. Da Mama ta ajiye kwano ya nuna mata agogo, sannan ya mare ta. Ta tsuguna tana kwashe miyar da ta zube.

Ni mai son lissafi ce. Na ce a raina, minti goman nan ne suka jawo. Idan babu su, babu mari.

Sai na fara sulalewa daga makaranta kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, in zo in hura wuta, in tankaɗe gari. Ranar da na ga ba za mu kai ba, nakan hau kujera in mayar da dogon hannun agogon baya kafin Baba ya dawo daga gona. A bayan littafina na kimiyya na ja layi da rula, ina rubuta lokacin da aka kai abinci da abin da ya biyo baya.

Lissafin ya ƙi fita. Akwai ranar da tuwo ya isa biyu saura biyar, ya ce gishiri ya yi yawa, ya ɗauko bel. Akwai ranar da aka kai biyu da rabi, ya ci yana dariya, har ya fere mana rake. Na yi ta duba shafin ina neman inda na yi kuskure.

A aji, agogon hannun malama nake kallo. Ko ta tambaye ni abin da na sani sarai, hankalina yana kan tuwon Baba. Ƙanwata mai shekara biyar kuma ta koma dukan 'yar tsanarta ta totuwar masara, tana cewa, “Ƙarfe nawa yanzu? Ƙarfe nawa?”

Goggo, yayar Baba, ita ta kama ni a kan kujera, ranar da ta zo daga Mahuta.

“Ke kuma, gyaran agogo ake koya muku a bokon?”

Na sauko na miƙa mata littafin. Ta ce ita ba ta karatu, in karanta mata. Na karanta layi layi. Da na gama na ce, “Goggo, to ƙarfe nawa ya kamata a kai masa?”

Ta daɗe tana kallon ƙofar kicin, inda Mama take tuƙa tuwo.

“Ɗiyata, gidan da muka tashi ni da ubanki ko agogo babu, kuma haka tsohonmu ya yi wa uwarmu. Babu ƙarfen da za ki samo. Ba ke ba ce, ba tuwon ba ne. Gobe ki zauna a aji har a tashi. Ubanki kuwa, ki bar ni da shi.”